Sanyin Hunturu da Masu Kwana a Titi: Abin da Faransa Ta Koya Cikin Shekara Saba'in

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tsakiyar hunturu ya bi ta tashar mota ko bakin kasuwa, ya ga yadda mutane kan takure a gindin rumfuna suna jiran hantsi, ya san sanyi ba ya cin kowa daidai. Mai ɗaki da bargo ƙorafi kurum yake yi, amma wanda ba shi da wurin kwana ransa ne ke cikin hatsari. To, sanyin da muke kuka da shi a nan, ko da na Jos ne, da wuya ƙwarai ya kai ga daskarar da ruwa. A ƙasashen Turai kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, akan wayi gari a tarar ruwan famfo ya zama ƙanƙara, a kuma tarar da gawar mutum a bakin titi, ba abin da ya kashe shi sai sanyi.

Daga cikin ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan al'amari, labarin Faransa ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau, domin a can ne aka fara da kukan mutum ɗaya a gidan rediyo, aka ƙare da dokoki da ma'aikatu da kasafin kuɗi. Har ila yau a can ne aka gane, bayan wahala mai tsawo, cewa taimakon da ake buɗewa saboda sanyi a rufe shi da tafiyar sanyi yana ceton rai na dare ɗaya, amma ba ya raba mutum da titi.

HUNTURUN 1954

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, Faransa ta shiga matsanancin ƙarancin gidaje. Bama-bamai sun rushe gidaje masu ɗimbin yawa, ga kuma mutanen karkara suna ta kwararowa birane neman aikin masana'antu. Sai ka ga lebura yana da aiki da albashi, amma ba shi da inda zai sa iyalinsa sai bukkar kwano ko tsohuwar mota.

A wannan zamani ne wani limamin Katolika mai suna Henri Grouès, wanda duniya ta fi sani da Abbé Pierre, watau Fada Piyar, ya fito fili. An haife shi a birnin Liyon a 1912, ya kuma yi wakilci a Majalisar Dokoki daga 1945 zuwa 1951. A 1949 ya kafa ƙungiyar Emmaüs a bayan birnin Paris, inda ya tara waɗanda duniya ta juya wa baya, suna tsintar tsofaffin kaya a gidaje da bola, su gyara su sayar, su ci da kansu, sa'an nan su gina wa marasa muhalli 'yan ɗakuna da abin da ya rage.

A daren 3 ga Janairu, 1954, Majalisar Dattijai ta ture wata shawara da aka kawo mata ta a ware faran miliyan dubu don gina gidajen gaggawa. A cikin wannan dare ne wani jariri ɗan wata uku ya mutu da sanyi cikin wata tsohuwar bas da iyayensa suka mai da ita ɗaki. Fada Piyar ya rubuta wa Ministan Gidaje buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar Le Figaro, ya gayyace shi jana'izar. Ministan ya zo, ya bi gawar da ƙafa, amma kuɗi ba su fito ba.

Da ƙarshen wannan wata sanyi ya tsananta, ma'auni ya sauka fiye da digiri 10 ƙasa da sifiri a Paris. Ran 1 ga Fabrairu Fada Piyar ya yi magana a Rediyon Luksambur. Ya gaya wa jama'a cewa da ƙarfe uku na dare wata mace ta daskare ta mutu a bakin titin Sebastopol, tana riƙe da takardar da aka kore ta da ita daga gidan haya. Ya ce mutum fiye da 2,000 ke kwana a waje kowane dare, ya kuma roƙi a kawo barguna 5,000 da manyan tantuna 300 da murhun ɗumama ɗaki 200 kafin dare ya yi.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Jama'a suka yi ta tururuwa da kaya har otal ɗin da aka ambata ya cika, sai da aka koma tara su a tashar jirgin ƙasa ta Orsay. Hukuma ta buɗe waɗansu tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka daina aiki da su don mutane su kwana. Kuɗin da aka tara ya kai faran miliyan 500, ciki har da miliyan biyu daga shahararren ɗan wasan nan Charlie Chaplin. Faransawa suka sa wa abin suna "boren alheri". Cikin mako uku, Majalisar da ta hana faran miliyan dubu ta amince da miliyan dubu goma don gina gidaje 12,000.

YADDA SANYI KE KISA

Kafin mu ci gaba ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa ake kiran wannan aiki na gaggawa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga hatsari. Da farko jiki kan yi makyarkyata don ya samar wa kansa ɗumi. In abin ya yi nisa sai makyarkyatar ta tsaya, hankali ya rikice, magana ta sarƙe, barci mai nauyi ya zo, daga nan kuma zuciya ta raunana har ta tsaya. Saboda haka wanda sanyi ke kashewa ba ya iya neman taimako a ƙarshe, mai wucewa kuwa sai ya ɗauka barci yake yi ko maye.

Ba lalle sai ruwa ya daskare ba. Iska da jiƙaƙƙun tufafi da kwanciya a kan siminti suna zuƙe ɗumin jiki da sauri, shi ya sa masu kwanan waje ke daraja kwali. Giya, wadda waɗansu kan sha wai don su ji ɗumi, yaudara ce, domin takan buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji kamar ya ɗumama alhali zafin cikinsa ficewa yake yi. Tsofaffi da jarirai da masu yunwa da masu ciwon ƙirji su ne sanyi ya fi saurin kayarwa.

DAGA SADAKA ZUWA DOKA

Babban abin da hunturun 1954 ya haifa shi ne dokar 3 ga Disamba, 1956, wadda ta hana a fitar da ɗan haya daga gida a lokacin sanyi, ko da kotu ta yanke masa hukunci. Da farko wa'adin daga 1 ga Disamba ne zuwa 15 ga Maris. An yi ta faɗaɗa shi, har daga 2014 ya zama daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Wata doka ta 2013 ta ƙara da hana yanke wa gida lantarki ko gas a cikin wannan lokaci saboda bashi. Dokar ba ta yafe bashin haya ba, mai gida kuma yana iya ci gaba da ƙararsa. Abin da ta hana shi ne a jefa mutum waje a watannin da titi ke kisa.

Gidajen gaggawa na 1954 kuwa sun zama darasi na dabam. An gina su cikin hanzari da kayan arha, ba a daɗe ba da yawansu suka lalace. A Noisy-le-Grand, gabas da Paris, an kafa wani sansani na wucin gadi, amma iyalai suka zauna cikinsa, a laka da sanyi, har zuwa farkon shekarun 1970. Abin da aka yi da niyyar 'yan watanni ya kwashe shekara goma sha bakwai.

A 1985 wani ɗan wasan barkwanci mai suna Coluche ya sake yin amfani da rediyo, ya kafa ƙungiyar Restos du Cœur don ciyar da matalauta kyauta a lokacin sanyi. A hunturun farko an raba abinci sau miliyan takwas da rabi. Shi ma an zaci na ɗan lokaci ne, amma a kakar 2022 zuwa 2023 abin da ƙungiyar ta raba ya kai kimanin miliyan 170.

MOTOCIN DARE DA LAMBA 115

Abin mamaki shi ne, har zuwa 1994 yawon banza da bara laifi ne a dokar Faransa. 'Yan sanda kan kwashe masu kwanan titi a Paris, suna so ko ba sa so, su kai su wani babban gida a Nanterre. Wani likita da ya yi aiki a wannan gida, Dokta Xavier Emmanuelli, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, ya ga wannan hanya ba ta da amfani. A Nuwamba 1993, da goyon bayan Magajin Garin Paris na lokacin, Jacques Chirac, ya kafa hukumar Samu Social.

Ra'ayinsa shi ne, wanda ya fi kowa bukata shi ne wanda ya riga ya daina roƙo, don haka tilas hukuma ta tashi ta je ta same shi. Kowane dare motoci kan fita zagaya, kowace da direba da nas da ma'aikacin jin daɗin jama'a. In sun ga mutum a kwance sai su durƙusa su gaishe shi, su ba shi abin sha mai zafi da bargo, nas ta duba lafiyarsa, sa'an nan a tambaye shi ko yana son a kai shi masauki. In ya ƙi ba a tilasta masa, sai fa in an ga ransa na cikin hatsari, a kira motar asibiti.

A 1997 aka kafa lambar waya 115 ga ƙasar baki ɗaya. Kyauta ce, dare da rana. Mai neman wurin kwana yana iya kira, haka kuma duk wanda ya ga wani a cikin wahala. Wata doka ta 2009 ta tabbatar cewa duk marar muhalli da ke cikin ƙunci yana da hakkin a ba shi masaukin gaggawa a kowane lokaci, ba tare da sharaɗi ba. A 2012 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke cewa wannan hakki yana cikin 'yanci na asali, watau mutum yana iya kai Gwamnati ƙara a kansa.

SHIRIN TSANANIN SANYI

Ma'aikatanmu za su so su san yadda ake tafiyar da aikin a ofis. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris hukumomi na cikin shirin ko-ta-kwana. Hukumar duba yanayi takan aika da hasashenta ga wakilin Gwamnati a kowane lardi, wanda matsayinsa ya yi kama da na Razdan a zamanin da, shi ne kuma ke da ikon ba da umurnin a fara aiki. Ba a dogara ga abin da ma'auni ya nuna kaɗai, ana lissafawa da ƙarfin iska, watau sanyin da jiki ke ji. An kasa shi mataki uku: daga digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifiri, daga 10 zuwa 18, sai kuma abin da ya wuce 18.

Da zarar an ba da umurni sai a buɗe zaurukan wasanni da waɗansu gine-ginen hukuma, a jera gadajen tafi-da-gidanka. Akan ƙara yawan motocin dare da masu amsa waya, wuraren hutawa na rana kuma a bar su a buɗe har safiya. Amfanin wannan tsari shi ne, tun kafin sanyi ya zo kowa ya san aikinsa: wane ne zai ba da umurni, wane gini za a buɗe, mabuɗinsa na hannun wa, ina aka ajiye barguna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk da wannan ƙoƙari matsalar ƙaruwa ta yi. Ƙididdigar hukuma ta 2012 ta sami kimanin mutum 140,000 marasa gidan kansu. A 2024 gidauniyar da Fada Piyar ya kafa ta ƙiyasta su 330,000. Mafi yawansu suna masaukan hukuma ne ko ɗakunan otal da Gwamnati ke biya, amma dubbai suna titi. A Fabrairu 2018, da birnin Paris ya fara fitar da 'yan sa kai su ƙirga masu kwanan waje cikin dare ɗaya, an sami kimanin 3,000. A ƙarshen Agusta 2024 asusun yara na UNICEF ya ba da rahoton yara fiye da 2,000 waɗanda iyayensu suka kira 115 ba a sami inda za a sa su ba. Dalilan sun haɗa da tsadar haya a manyan birane, da rashin aiki, da mutuwar aure, da taɓin hankali, da kuma baƙin da ke shigowa neman mafaka, waɗanda da yawansu 'yan Afirka ne.

Akwai kuma waɗanda ake samar wa gado su ƙi. Wanda bai sani ba sai ya ce taurin kai ne, amma suna da hujjojinsu. Wani yana tsoron sata ko faɗa a babban zaure. Wani yana da kare, abokin zamansa kaɗai a duniya, kuma masaukai da yawa ba sa karɓar dabba. Miji da mata suna gudun a raba su. Wani kuma ya san da safe za a ce ya fita, ya koma ya tarar an kama masa lungun da ya saba kwana, ya sake bin layin waya don daren gobe.

Babban aibin tsarin shi ne abin da Faransawa suka kira gudanar da aiki da ma'aunin zafi: sanyi ya zo a buɗe, ya tafi a rufe. A ƙarshen Maris akan mayar da mutane titi, a daidai lokacin da korar 'yan haya ke dawowa. Wata ƙungiya mai suna Les Morts de la Rue, wadda ke ƙirga waɗanda suka mutu ba muhalli, tana kuma raka gawar da ba ta da kowa zuwa makabarta, ta ƙirga mutum 735 a 2023. Matsakaicin shekarunsu bai kai 50 ba, a ƙasar da yawancin mutane ke kai 80. Lissafinta ya nuna cewa mutuwar ba ta tsaya ga hunturu ba, ana yin ta cikin kowane wata, ta hanyar ciwo da hatsari da duka da zafin bazara.

GIDA TUKUNA

A Disamba 2006 waɗansu matasa suka kafa tantuna kimanin 200 a gefen mashigin ruwa na Saint-Martin, a tsakiyar Paris, suka gayyaci masu gidaje su zo su ɗanɗana kwanan waje. Hotunan sun kunyata Gwamnati. Fada Piyar ya rasu ran 22 ga Janairu, 2007, yana da shekara 94, kuma ran 5 ga Maris aka kafa dokar da ta ba marar gida ikon ya kai hukuma ƙara in ta kasa samar masa muhalli. Dokar ta ce wanda aka karɓa a masaukin gaggawa yana da hakkin ya zauna har a sama masa wani wuri.

A 2011 aka fara wani gwaji a Paris da Marsey da Tuluz da Lil, irin wanda ƙasar Finlan ta mayar manufarta tun 2008. A da akan ce wa mutum ya bi matakala: masaukin dare, sa'an nan gidan horo, ya daina shaye-shaye, ya karɓi magani, kafin a ba shi ɗaki. Sabuwar hanyar ta juya abin: a ba shi ɗakinsa da mabuɗinsa tukuna, sa'an nan likita da ma'aikacin jin daɗin jama'a su riƙa ziyartarsa. An gwada da masu tsananin taɓin hankali, waɗanda ake ganin sun fi kowa wuyar sha'ani, kuma bayan shekara biyu fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka ba ɗakuna suna nan cikinsu. A 2017 Gwamnati ta ɗauki wannan hanya ta zama manufar ƙasa. A 2021, bayan annobar korona, ta ƙi rufe masaukan hunturu kamar yadda aka saba, ta bar gadaje kimanin 200,000 a buɗe. Amma manufar tana tafiya ne gwargwadon yawan gidaje masu arha, su kuwa har yanzu ba su wadata ba.

Tilas a faɗi wani abu game da mutumin da ya fara wannan tafiya. A Yuli 2024 ƙungiyoyin da ya kafa suka fitar da rahoton binciken da su da kansu suka sa aka yi, inda mata suka ba da shaidar cewa ya ci zarafinsu, daga baya kuma shaidu suka ƙaru. A Janairu 2025 gidauniyar ta cire sunansa daga nata. Aikin bai tsaya ba, domin tun da daɗewa ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun doka da hukumomi da dubban 'yan sa kai.

ABIN LURA GARE MU

Mu a nan ba mu da dusar ƙanƙara, kuma zumunci da zaure da masallaci suna rufa wa mutane da yawa asiri. Amma garuruwanmu sun girma, zaure ya yi kaɗan. Akwai almajirai ƙanana, da 'yan ci-rani, da masu taɓin hankali, da waɗanda rikici ko ambaliya suka raba da gidajensu, duk suna kwana cikin iskar hunturu. Kowace shekara kuma akan ji labarin gobara daga wutar da aka hura don jin ɗumi.

Rabon barguna da masu hali da ƙungiyoyi kan yi aikin lada ne, Allah ya saka musu. Sai dai hunturu ba ya zuwa ba zato, an san watanninsa. Babu abin da zai hana ofishin jin daɗin jama'a na kowace Ƙaramar Hukuma ya zauna da masu unguwanni da malaman tsangaya da shugabannin tasha tun cikin Oktoba, a san mutum nawa ke kwana a waje da inda suke, a keɓe ginin da za a buɗe, a kuma sa wa jami'i guda alhakin abin a rubuce. In sanyi ya wuce, kada a nannaɗe takardar a jefa cikin kabad. Sunayen da ke cikinta su ne aikin sauran watannin shekara: wa za a mayar wa danginsa, wa ke bukatar asibiti, wa ke bukatar sana'a da ɗaki. Faransa ta kashe shekara saba'in da rayuka masu yawa kafin ta gane haka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.